Takardar Jan Kare

Tsarnawa, ranar Juma'a

Zuwa ga aminiyata Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ki yi mani gafara da zan dame ki da wasiƙa a irin wanga lokaci da jinya ta cika miki hannu. Na so in kira ki ta waya. Sau uku ina ɗauka ina ajewa, don na san in na ji muryarki bakina ba zai iya ba. Shi ya sa na koma ga rubutunmu na allo, wanda ba mai karanta miki sai ke da kanki. Yakuba direba zai miƙa miki in ya shigo Illela.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Malam Ashiru da yara duka. Ina gajiyar hanya? Yaya ƙafar ɗiyarmu Ummulkhairi, kumburin ya fara sauka? Tana samun barci? Abin da ke cikinta shina motsi? Allah ya ba ta lafiya, ya raba su lafiya.

Ranar Talata da kinka zo ɗaukar ta, kin rungume ni a bakin gidan likita kinka ce ƙaddara ce, kada in sa wa raina. Ban amsa miki ba. Kin ɗauka kuka ne ya hana ni. Ba kuka kaɗai ba ne, Hassana.

Ke kinka danƙa mani yarinyar nan da hannunki ranar da anka kawo ta gidan mijinta Muttaƙa a nan Tsarnawa. Kinka ce tunda mijinta mai tafiye-tafiye ne, ni ce uwarta a garin nan, in ci gaba da yi mata karatu daga inda kinka tsaya. Don haka ya zama dole ki san yadda abin ya faru, ba yadda mutane ke faɗi ba.

Kin san maigidana Alhaji Labo da albasa. Bara ɓarayi sunka fasa mishi rudu biyu na ajiyar albasa a garka, can gonarshi ta rani, sunka kwashe abin da ya aje shina jiran kasuwa ta tashi. Ya ce karnukan gari ba su da amfani, da an jefa musu ƙashi sun zama abokan mutum. Ya sa anka kawo mishi irin na Turawa daga Najeriya, cikin motar da ta kai kaya. Ke ba ki gan shi da rai ba. Baƙi ne, da ja-ja a baki da ƙafafu, kanshi kamar turmin daka yaji, wutsiya kuma an yanke. In ya miƙe ya kai ɗan maraƙi. Alhaji ya sa mishi suna Kumandan. Wanda ya sayar da shi da Turancin Najeriya ya hore shi, ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci. Alhaji ya haddace kalma biyu, ɗaya ta a zauna, ɗaya ta a bari, kuma sau da yawa sai ya musanya su. Lokacin dariya muke yi.

Muddin shina garka ba ruwana da shi. Amma da damina ta sauka ruwa ya cika wurin, anka dawo da sauran albasar shagon cikin gida, anka dawo da karen tare da ita. Alhaji ya ɗaure shi a tsakar gida kusa da shagon. Katangarmu doguwa ce, ƙofa ta ƙarfe. Nan ne wurin da ya kamata ya zauna. Ni na fitar da shi.

Na ce gidan da mata ke zuwa karatu kowace safiya ba a aje kare cikinshi. Na tuna mishi abin da malaminmu ya koya mana ni da ke a makarantar allo, cewa mala'ikun rahama ba su shiga gidan da akwai kare. Alhaji ya ce ai na gadi an yarda da shi. Na ce gadin gona, ba gadin tabarmata ba. Kwana uku ban yi mishi fara'a ba, kin san yadda nike in na yi shiru. A rana ta huɗu ya gaji, ya ja karen ya ɗaure shi a iccen dogon yaron da ke bayan katanga, cikin lungu.

Kin san lungun nan. Ta nan mata ke bi zuwa famfo, ta nan yara ke bi zuwa lakwal, makarantar boko. Mai unguwa Takama ya zo sau biyu ya yi magana. Alhaji ya ce mishi sarƙar ta mota ce, ko bijimi ba ya tsinka ta. Tsohuwa Maryam maƙwabciyarmu ta ce ita ta bar bin nan, gara ta zagaya ta babbar hanya da ciwon gwiwarta da ta haɗu da wancan mai kan turmi. Duk ina jin su ta bayan katanga. Ban ce komai ba, don ni dai gidana ya tsarkaka. Da Ummu ta ce mani tana tsoron lungun, ni da bakina na ce mata sarƙar ta mota ce.

Ranar Talata Alhaji ya yi sammako zuwa Galmi, ya ce in tura wa karen abinci. Da doguwar sanda nike tura mishi kwanon. Da na je, shina kwance can gefe, bai ko ɗaga kai ba. Sai na ga kwaɗon da ke riƙe da sarƙar a jikin iccen a buɗe, Alhaji ya yi sauri bai danna shi ba. Taku biyu ne tsakanina da shi. Danna shi kawai zan yi. Amma duk ya jiƙe da yawu, don karen ya yi ta taunar sarƙar. Ina da alwalar walaha. Na ce bari in yi salla, in nannaɗe hannu da tsumma in dawo.

Hassana, ni da ke mun sani, a karatun da munka yi yawun kare ba ya karya alwala. Ƙyama ce kawai, na kira ta addini. Na yi salla, mata sunka fara shigowa, na manta.

Ummu ce ta zo ƙarshe, don cikin ya fara rage mata sauri. Muna karatu munka ji ihunta. Kafin in kai lungun Habibullahi mahauci ya riga ni, shi da wasu maza biyu. Da taɓarya da gatari sunka raba shi da ita, kuma ba su bar shi da rai ba. Mata sunka yanko gashinshi sunka ƙona sunka shafa mata a ciwon kamar yadda aka saba, sannan anka sa ta a amalanke zuwa gidan likita. Saura kin gani da idonki.

Mutane na cewa karen Alhaji Labo ya tsinke sarƙa. Bai tsinke komai ba. Tafiya ya yi da sarƙar tana jan ƙasa.

Ba wanda ya san zancen kwaɗon nan, ko Alhaji. Akwai sauran magana, amma hannuna ya gaji. Ki gaishe da Malam, ki shafa mani kan Ummu. Ki amsa mani in kin samu sarari.

Taki,
Saratu

Tsarnawa, ranar Asabar

Aminiyata Hassana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, da mai jiki. Ki karanta wagga wasiƙa har ƙarshe kafin ki aje ta, kuma ki karanta ta yanzu, ko da tukunya na kan wuta.

Jiya na ce miki hannuna ya gaji. Ba gajiya ba ce. Na faɗa miki laifin da zan iya ɗauka, na ɓoye wanda ya fi shi. Da na idar da sallar asuba na kasa ɗaga hannu in yi addu'a, don na san abin da na bari.

Ki kai Ummu a yi mata allurar haukan kare. Yau, ba gobe ba. Takardar da Alhaji ya nuna ba ta karen nan ba ce.

Karnuka biyu anka kawo mishi, ba ɗaya ba. Na farko ja ne, ya zo kafin azumin bara, shi ne mai takardar allura da tambari. Bai yi sati biyu a garka ba zafi ya kashe shi. Alhaji bai so a ji ba, don abokanshi na kasuwa sun riga sun yi mishi ba'a cewa ya sayo kare mai jin Turanci. Bayan layya anka kawo baƙin karen, shi kuwa ba takarda ko ɗaya, ba kuma wanda ya taɓa yi mishi allura tunda ya zo. Ni ban iya karatun boko ba, amma ni ke aje takardun gida cikin akwatina na ƙarfe. Na san ranar da na sa waccan takarda ciki, ƙarƙashin zanen aurena. Lokacin baƙin bai ma shigo ƙasar nan ba.

Ranar Talata da labari ya kai wa Alhaji ya juyo daga Galmi, gida ya fara shigowa kafin gidan likita. Ya ce in ɗauko mishi takardar kare. Na ce wacce. Ya dube ni kawai. Shekara ashirin da bakwai muna tare, ban taɓa ganin tsoro a fuskarshi irin na rannan ba. An riga an ce jandarma za su zo. Na tuna hawan jininshi, na tuna sunanshi a gari. Na buɗe akwatin na ɗauko na ba shi. Da hannuna, wanda na ƙi ɓatawa da yawu da safe.

Kin tuna da majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya ce tunda an kashe karen ba a bar shi an ga halinshi ba, shi a ganinshi gara a je a yi allurar. Kinka ce kina tsoron allura ga mai ciki, yarinyar da ta yi ɓari bara. Alhaji ya buga yatsa kan tambarin ya ce karen nan ya fi mu duka shan allura. Har wani ya yi dariya. Sai kinka juyo gare ni kinka ce, Saratu ke kinka san karen, mi kinka gani. Na ce miki takarda ga ta nan. Na zaɓi maganar da ba ƙarya ba ce cikin lafazinta, don in tsira da bakina. Kinka yarda, don ni ce. Da wata ce da kin sake tambaya.

Ga abin da na gani ban faɗa ba. Wajen kwana arba'in da sunka wuce, tun shina garka, ya yi faɗa da wani karen daji da ba a san mai shi ba, ya dawo da kunne a yage. Alhaji ya ba ni labarin da alfahari. Kwana uku kafin Talata ya canza. Ya bar cin abinci, haushinshi ya dushe kamar na mai mura, shina cizon bawon icce da duwatsu, yawu na zuba ba tsayawa. Ran Litinin ya kama akuyar tsohuwa Maryam da ta matso kusa. Na ce a raina zafin ɗauri ne. Ina ganin kwanon shina dawowa cike, ina zubarwa, ina wanke shi sau bakwai.

Yau da hantsi na gaya wa Alhaji zan je in faɗa. Ya ce in na fita da wagga magana na tona mishi asiri a garin da anka haife shi. Na ce na sani. Ya ce wata ƙila ma karen lafiyarshi lau, zan rushe gida a kan wata ƙila. Na ce ɗiyar Hassana ce ke cikin wata ƙilar. Bai hana ni da hannu ba, bai kuma ba ni izini ba. Wanga ne karo na farko da na fita gidan nan ba da izininshi ba.

Na tarar da majo na gaya mishi duka. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Ya aje abin rubutunshi. Sannan ya ce in rubuta miki haka, in kuma kira ki. Allurar ba ta taɓa ciki, ana yi wa masu ciki. Kwana huɗu sun wuce, ba a makara ba, amma kowace rana da ta ƙaru hasara ce. In ciwon ya riga ya bayyana a jiki ba shi da magani ko'ina. Gashin da anka ƙona ba ya hana komai. Ya ce a nema a Tawa ko a Ƙonni, duk inda ya fi muku kusa, kuma ba allura ɗaya ba ce, za su faɗa muku ranakun komawa, kada a tsallake ko ɗaya.

Na kira wayarki sau huɗu ba ta shiga. Ta Malam Ashiru ba ni da lambarta. Yakuba ya ce ba zai jira cikar mota ba, yanzu zai tashi, kuma ya yi mani alkawari hannunki zai sa wa. Na gaya mishi abin da ke ciki da baki, in bai tarar da ke ba ya faɗa wa Malam.

Ki yi fushi da ni daga baya, kina da dukan lokaci. Yanzu ki tashi.

Saratu

Tsarnawa, ranar Laraba

Zuwa ga Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam Ashiru da yara. Yaya mai jiki? Ban san ko har yanzu ina da damar in kira ki aminiya a kan takarda ba, shi ya sa na bar wurin.

Yakuba ya ba ni labari. Ya ce kin karanta a tsaye a ƙofar gida, kinka shiga kinka fito da Ummu da mayafi, shi da kanshi ya kai ku Tawa ku da Malam. Ya ce an yi ta farko ran Asabar ɗin, jiya Talata an yi ta biyu.  Alhamdulillahi. Allah ya sa an riga ciwon.

Ya kuma isar da saƙonki, cewa a haɗo kayan Ummu da ke wurina, har da allonta. Na gane. Ba zan ce kin yi ba daidai ba.

Ina so ki san abin da ya biyo baya, ba don ki tausaya mani ba. Majo ya ce duk wanda haƙori ko yawun karen ya taɓa wa ciwo sai a nemo shi, kuma ni na fi kowa sanin su. Haka na bi gida gida. Habibullahi mahauci ashe haƙori ya yanke shi a wuyan hannu lokacin da shike raba su, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da sana'arshi, don shi ma ya ji akwai takarda. Na tsaya a bakin rumfarshi gaban masu sayen nama na faɗa mishi. Ya ce, Malama, ke da ke koya wa matata karatu.  Matan da sunka yanki gashin su ma an duba hannuwansu. Tsohuwa Maryam likitan dabbobi ya tafi da akuyarta, ita ce mai ba ta nono. Ta ce mani ta zagaya ta babbar hanya wata guda don ta tsira daga karenmu, sai masifarshi ta biyo ta har cikin garke. Na ba ta tawa akuyar. Ta karɓa ba ta dube ni ba.

Mai unguwa Takama ya tara mutane ran Litinin. An ce daga yau irin waɗanga karnuka ba a ɗaure su a hanya, sai cikin katanga, kuma likitan dabbobi ya ga kare da idonshi ya ga takardarshi. Ashe akwai wasu biyu a garin, masu su sun ga na Alhaji sun yi sha'awa. Ba a ambaci sunana a taron ba. Ba a buƙata.

Mata goma sha huɗu ke zuwa karatu. Yau uku sunka zo. Na yi musu, amma da na kai inda zan gyara wa ɗaya kuskure sai na ji nauyi.

Jandarma sun kira Alhaji, ya yini can ya dawo, kuma za ya koma. Tun ran Asabar ba ya cin abincina, gidan ƙanenshi shike ci. Bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Amma kada in zalunce shi, shi ya ɗauki Habibullahi a motarshi ya kai shi Ƙonni, ya tsaya har anka yi mishi allurar. Jiya kuma na gan shi ya ɗauko sarƙar a gindin dogon yaron inda anka yar da ita, ya daɗe tsaye da kwaɗon a hannu. Na fita na gaya mishi na gan shi a buɗe rannan na bar shi. Ya ce shi ma ya tuna bai danna ba tun shina hanyar Galmi, ya ce in ya dawo. Munka tsaya nan cikin lungu, ba wanda ya iya duban wani.

Muttaƙa ya kira daga Abijan. Na gaya mishi kamar yadda na gaya miki, ban rage ba.

Ga kayan nan na ba Yakuba. Zane biyu, da tasbaharta, da kwanon da ta kawo mani fura ran Lahadi. Allon na naɗe shi daban cikin farin ƙyalle. Ban wanke shi ba, rubutun da ta yi da hannunta na nan, inda ta tsaya. In kin buɗe za ki ga ya tsage ta gefe, da huji huɗu a tsakiya. A lungu na tsince shi bayan an tafi da ita. Rannan ban gane ba, sai da na zo naɗe shi jiya na sa yatsa cikin hujin. Ba ƙafarta ya fara nufa ba, Hassana. Allon ta tare cikinta da shi, ya cije icce, sannan ya sauka ga ƙafa. Ita ba ta tsaya tunanin yawu zai taɓa rubutu ba. Yarinyar da nike gyara wa karatu ta san abin da ake karewa da fari, ni ban sani ba.

Kada ki bari a sake mata wani allo. Wanga zai yi, in an ɗaure tsagin.

Ba gafara nike roƙo cikin wagga wasiƙa ba, wannan sai ranar da kinka ga dama, ko babu ranar. Abu ɗaya ne Yakuba bai iya gaya mani ba, don ba abin da namiji zai tambaya ba ne. Abin da ke cikinta shina motsi? Ki rubuto mani ko da kalma ɗaya ce, ko ba gaisuwa, ko ba sunana a kai. Yakuba zai juyo gobe Alhamis bayan azahar. Don Allah ki amsa mani da wuri.

Wassalam.
Saratu